A Kwashe Ƙasar Bakin Kwari Kafin Ruwa Ya Sauko

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni Iliya Ɗan'azumi, haifaffen Gumel, mazaunin Hayyin Ashir a birnin Alƙahira, na rubuta wannan da hannuna, hankalina cikakke, babu wanda ya tilasta ni. Ƙirjina ne ya gaza. Likita ya ce ƙurar shekaru ta cinye huhun, na kuma ga fuskar mahaifiyarku Mahasin lokacin da ta fito daga wurinsa. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Muhammadu Manzonsa ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malam Abakar limamin zawiyarmu da Ya'ƙub maƙwabcinmu su ne shaidu.

Zuwa ga 'ya'yana uku: babbanku, wanda bakina bai saba kiran sunansa ba amma yau takarda ta tilasta ni, Ukasha, sai Abdurrahim, sai autata Fauziyya.

Na ɗaya. A binne ni a nan. Kada wani ya wahalar da kansa da maganar kai gawa gida. Karatu ya kawo ni Masar, aikin share filaye da baje ƙasa ya riƙe ni, a nan na auri mahaifiyarku, a nan aka haife ku. Ƙasar da na yi rayuwata ina turawa da katafila ta ishe ni makwanci.

Na biyu. Abin da na bari a raba shi yadda Allah Ya hukunta, Malam Abakar zai zauna da ku. Amma katafila da loda ba za a sayar ba, ba za a ba da haya ba, sai an gama aikin filin da ke hannunmu a gabashin gari. Makullansu suna wurin mahaifiyarku. Wanda ya ɗaga mata murya a kansu, ban yafe ba.

Kuna tsammanin ban san abin da ya faru a filin nan ranar Litinin ba. Na sani. Direban tankar ruwa ya zo gaishe ni, kuma mutumin nan ba ya iya riƙe magana.

Ga abin da na ji, in akwai ƙari ko ragi ku gaya wa Malam Abakar. Filin gangare ne, busasshen kwari ya ratsa shi daga sama har ƙasa. Mai filin, wanda kuke ce wa Basha, yana so a cike kwarin a baje ko'ina ya zama shimfiɗa ɗaya, don ya sami wurin ƙara gini. Tun ina kan ƙafata na ce masa a'a. Da na kwanta sai ya koma kan Ukasha, ya ce masa khalas, magana ta ƙare, ko a cike a makon nan ko ya ba wasu aikin, ya kuma ƙara da cewa shi ya san mutane a inda ake sabunta iƙama, takardar izinin zaman baƙi. Ukasha ya hau loda da kansa bayan asuba, ya fara zuba ƙasa a bakin kwarin. Abdurrahim ya iso ya tsaya a gaban motar, ya ce sai dai a binne shi tare da kwarin. Ukasha bai taka burki ba sai da bokitin ya taɓa rigar ƙanensa. Leburori na kallo. Tun daga ranar ku biyun ba ku ci abinci a kwano ɗaya ba, ɗaya ya shigo duba ni ɗaya ya fita.

Na uku. Ukasha, a kwashe ƙasar nan, kuma kai za ka kwashe ta. Ban ɗauke ka mugu ba. Na san tsoron da ke cikinka: ma'aikata na jiran albashi, matarka na da ciki, takardunmu kuwa na baƙi ne ko da a nan aka yanke muku cibiya. Wannan tsoron na kwana da shi tun kafin a haife ka. Amma ka sauka da ƙafa ka bi kwarin zuwa ƙarshensa. Za ka tarar da ɗakunan bulo na masu gadi da iyalansu, da rumfar Samah mai shayi wadda take ba mu bashin shayin safe ba ta taɓa tuna mana ba. In ka toshe kwarin, ruwa zai taru a bayan ƙasar da ka zuba, ƙasar da ba a daɓe ba. Zai jiƙa ta, ya kwashe ta gaba ɗaya, laka da duwatsu, ya sauke a kan rufin mutanen nan.

Basha zai ce maka ai nan Masar ce, ba a ruwa. Ana yi. Yakan yi shekaru bai zo ba, ran da ya zo kuma ƙasar hamada ba ta shan sa, sai ya gangaro a guje ya bi tsohuwar hanyarsa. Ga shi sanyi ya shigo, lokacinsa ke nan.

Ina cikin waɗanda suka je unguwar Duweiƙa, nan cikin Alƙahira, da azumi a baki, shekarar da dutse ya rufto kan gidaje. Na je da loda, amma lungunan sun yi mata ƙunci, muka sauka muna tono da hannu. Na ga wata mata ta kwanta ta manna kunnenta a jikin dutsen da ya fi wannan benen girma, tana kiran sunan ɗanta. Mutanen unguwar sun ce ruwa ne ya yi ta tsiyaya cikin dutsen a hankali, babu mai kula. Ban taɓa ba ku wannan labari ba don ba na son tuna shi. Daga ranar, duk filin da aka ba ni, sai na fara tambayar ina ruwa zai bi, kuma wa ke zaune a can.

Na huɗu. Abdurrahim, gaskiyarka ce a kan kwarin, amma ka yi laifi biyu. Ka kira yayanka maci amana a gaban yaran da yake ba umarni. Ka kuma tsaya gaban mota mai tafiya, alhali ka san uwarka tana shirin rasa miji. Da ƙafarsa ta zame fa? Kai za ka fara zuwa gidansa ka ba shi haƙuri, ba da ma'alish ta kan hanya ba, ka zauna har ya dube ka. Barazanar da ka yi ta kai ƙararsa wurin hukuma, ka janye ta. In ƙara ta zama dole, ku je tare, a kan aikin, ba a kan juna ba.

Na biyar. Yadda za a ƙarasa aikin yana hannun Fauziyya. Ita ta yi karatun injiniya a Giza, ita ta ɗauki mizanin awon ƙasa ta auna filin tare da ni, zanen yana wurinta. In ta ce a sauke nan a ɗaga can, ku yi, kada wanda ya ce mata ke yarinya ce. Amma ina so ku ji daga bakina.

A bar kwarin a buɗe, a jera masa duwatsu a ƙasa da gefe. Inda hanyar mota za ta ƙetare shi a sa kwalbati mai faɗi, wanda mutum zai shiga a sunkuye. Gangaren a yanka shi hawa-hawa kamar matakala, kada a bar shi a tsaye, kowane hawa da 'yar magudanarsa. Duk inda za a yi ciko, a zuba kaɗan, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Wanda ya zuba tuli ɗaya don sauri ya gina wa mutane rami ne. Ku kula da kusurwar kudu, akwai tafla a wurin, yumɓun nan da ke kumbura in ya sha ruwa har ya tsaga bango. A karkatar da ruwa nesa da shi. A ƙasan filin a haƙa rami inda laka za ta kwanta kafin ruwa ya fita. Itatuwan magaryar nan na bakin kwari kada katafila ta kusance su, saiwarsu ce ta riƙe gaɓar. Tanka ta riƙa jiƙa hanya safe da yamma, a rufe tifa da tamfal, ɓaraguzai kuma a kai su inda aka keɓe, ba gefen titi ba. Ƙurar da ta kwantar da ni kada ta shiga ƙirjin 'ya'yan wasu ta hannunku.

Na shida. Basha ba zai biya duwatsu da kwalbatin ba, ya faɗa mini a waya jiya. Na ce masa tamam, na ji. Sulusin dukiyata, wanda shari'a ta ba ni ikon yin wasiyya da shi, na ba da shi ga wannan aikin, sadaka ce ga mutanen ƙasan kwarin. Na san zai rage rabonku. Ku yafe mini, ku bari ya wuce.

Ya ce zai zo filin ranar Alhamis ya ga ko an cike. Ku tarbe shi ku uku, Ukasha ne zai yi magana. Kada a zage shi, kada a roƙe shi. In ya ƙwace aikin, ku fitar da motocinku bayan kun buɗe kwarin, ku je ku gaya wa Samah da maƙwabtanta abin da ake shirin yi a samansu, ku raka su in za su kai kuka. In ya taɓa takardunku, Allah Yana nan. Gara a kore ku daga ƙasa da a tono gawa saboda ku.

Na bakwai. In na cika kafin a kwashe ƙasar, kada ku zauna karɓar gaisuwa. Mahaifiyarku da Malam Abakar sun isa su karɓi mutane. Daga maƙabarta ku wuce filin, cikin mota ɗaya. Ɗazu Mahasin ta ɗaga labule ta ga gabas ta yi duhu da hadari, ta yi sauri ta sake shi don kada in gani. Na gani.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sauki matar Ukasha lafiya, Ya ba Abdurrahim sanyin zuciya, Ya sa Fauziyya ta fi ni sanin aikin nan. Ku riƙe uwarku. Ta bar danginta a Sudan, ba ta da kowa a garin nan sai ku. Kowace Juma'a ku taru a ɗakinta ku ci abinci, ko kuna fushi da juna, ko ba mai cewa uffan. Ku dai zo, ku zauna, ta ƙirga ku ta ga kun cika.

Na yafe muku duka. Yalla, ku tashi.

Mahaifinku,
Iliya Ɗan'azumi