Littafin Darasi Mai Koren Bango

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Yara lafiya lau, sai kewarki.

Ba na son in ƙara miki damuwa a kan jinya, amma hankalina a tashe yake. Hedimasta ya sanar da mu cewa sufeto zai zo ranar Alhamis, kuma ajina zai shiga. Darasin ranar ire-iren jimlar Turanci ne da sassanta, wanda ke tsayawa da kansa da wanda sai ya dogara da wani. Kin san ni. Shekara tara ke nan ke ce ke rubuta min darasi a littafin nan mai koren bango, ni kuma in haddace, in juye a allo ina ɗaga murya. An ce duk malamin da bai gamsar da sufeton nan ba, sallama ce. Wallahi tsoro nake ji.

Mijinki,
Dogo

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaisuwa, da fatan Inna ta fara cin abinci.

Sufeton ya zo. Ɗan siririn dattijo ne, ya zauna a bencin baya kusa da tagar da ta karye. Na zubo misalanki goma sha biyu ban yi tuntuɓe ba, har na fara jin kaina wani ne. Sai 'yar tela, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ta kawo tata jimlar, ta tambayi wace iri ce. Ba ta cikin littafin. Na tsaya riƙe da alli, na ce aikin gida ne.

Da aka tashi sufeton ya ɗauki littafin daga teburina, ya daɗe yana karantawa. Ya ce rabon da ya ga darasi mai tsari haka tun yana saurayi, wanda ya rubuta shi malami ne na gaske. Sannan ya dubi rubutuna na allo, ya dubi na littafin, ya sa shi a jakarsa. Ya ce marubucin ya same shi a ofis ranar Litinin. Bai ce ni ba.

Na yi ta gwada kwaikwayon hannunki har yatsuna suka ƙage, abin ya ƙi. Na gaji da ɓuya. Ban san ko zan wayi garin Talata da aiki ba. Amma ke aka kira. Ki roƙi Yaya ta zauna da Inna kwana ɗaya, ki taho. Zan raka ki har ƙofa, in jira a waje.

Mijinki,
Dogo