Minti Goman da Na Ƙara

Litinin, 3 ga Maris
Manaja ya kawo wata injiniya mai gilashi ta haɗa sabbin wayoyi. Shekarata goma sha tara ina kula da wayoyin ɗakin gwajin jinin nan, yau ni ake koya wa aiki. Wai akwatin da ke haɗa wayoyin zai riƙa tambayar wata kwamfuta a intanet ƙarfe nawa, ya gyara agogonsa, wayoyin tebur su ɗauka daga wurinsa. Har jinkirin da amsar ta yi a hanya yana cirewa! Na ce mata, "Sannu da ƙoƙari." Agogo ma sai ya yi tambaya.

Laraba, 5 ga Maris
Na kashe shirmen. Na saita agogon da hannu, na ƙara minti goma kamar kullum. Da agogon gaskiya ba mai zuwa aiki kan lokaci a gidan nan, malalata.

Talata, 11 ga Maris
Jiya wani likita ya kira biyar saura shida, yana neman sakamakon gaggawa, sai ya ji saƙon nan na "mun tashi". Yau ya zo yana faɗa kamar zai ari baki. Manaja ya ɗora wa Uwar Waya, mai amsa kira: wai ita ta kunna saƙon don ta je ɗauko jikokinta. Ya ce ta zauna gida zuwa Litinin, sannan ya yanke hukunci. Manajan da ko fis ɗin lantarki bai iya canzawa ba.

Laraba, 12 ga Maris
Ban ci abincin rana ba. Ba na jin yunwa ne kawai.

Alhamis, 13 ga Maris
Mai gilashi ta same ni a ɗakin wayoyi. "Baba, saƙon da kansa yake kunnuwa in agogon akwatin ya kai biyar. Wani ya hana shi tambayar lokaci." Ta kalle ni. "Ban sa suna a rahotona ba." Ji iyayi! Alfarma take mini?

Juma'a, 14 ga Maris
Sakaran manajan nan ya karanta rahoton, ya ce ashe Uwar Waya ce ta tura agogon gaba don ta riƙa tashi da wuri. Matar da ko ƙarar waya sai na rage mata! Marayu uku take riƙo. Tsoro nake ji, gaskiya.

Litinin, 17 ga Maris
Na faɗa wa manaja ni ne na taɓa agogon, a tsaye. Takardar gargaɗi, kuma makullin ɗakin wayoyi ya koma hannun injiniya. Ta ce gobe in zo ta nuna mini yadda abin yake. Zan je, don dai kar ta ɓata wani abu.

Uwar Waya ta dawo teburinta. Na gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce, "Yaya, kwana shida kana kallona a gida?" Waya ta yi ƙara, ta ɗauka. Na tsaya har ta gama.