Gwiwar Bukar

Assalamu alaikum Kawu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna Yagana da yara. Yaya ruwan Fatakwal, yaya ciwon bayanku? Nan Azare kowa lafiya, Hajiya ma da sauƙi.

Kun tambayi binciken da nake yi kan raunin 'yan ƙwallo. Kawu, jikina ya yi sanyi.

Kun tuna Bukar, ɗan wasan gaba na unguwarmu, wanda jijiyar gwiwarsa ta tsage? Tun damina nake motsa masa ƙafar a hankali, har ya fara sassarfa. Shi ne shaidata cewa irin jinyarmu ta motsa gaɓoɓi tana aiki. Da wasan ƙarshe ya matso, kocinsu ya kai shi wurin mai ɗori. Tsohon ya tattaɓa, ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne, ya ja ƙafar. Na roƙi mahaifin Bukar kada ya bari ya buga wasan, ya ce mini, “Malam Abba, abin da bai karye ba, jinyar me ake yi masa?”

Ranar wasan, Bukar bai jima a fili ba ya zube, ba wanda ya taɓa shi. Likita ya ce shi da ƙwallo har abada. Sauran 'yan wasan sun daina zuwa wurina, wai atisayena ne ya kashe masa ƙafa. Ban san wa zan bincika kuma ba.

Ku sa mu a addu'a, ni da shi. A gaida Inna. Jiya Bukar ya aiko mini da takalmansa na ƙwallo, wai in ba wani. Suna nan bakin ƙofa, na kasa ɗauka.

Ɗanku,
Abba