Rumbun da Ya Hana Baba Tashi

Gyadi-Gyadi, Kano
9 ga Agusta, 1999

Zuwa ga Yayana Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a can Fatakwal, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. 'Yata Mufida ta fara tafiya, ba abin da ke tsira daga hannunta a ɗaki. Maigidana Mukhtar yana nan yana tuƙa injiniyoyin madatsar ruwa, kuma daga bakinsa na fara jin abin da ya sa na ɗauki biro.

Bana dam ya cika fiye da yadda aka saba. Injiniyoyi sun ce dole a buɗe ƙofofinsa a ƙarshen watan nan a rage ruwa, don kada ya ɓalle gaba ɗaya, kuma an aika garuruwan gangare, har da namu, cewa na bakin kogi su koma tudu. Ka san mutanenmu. Takarda na isowa aka ce siyasa ce, wai tunda soja sun tafi, 'yan siyasa ne ke kwaɗayin fadamarmu. Baba kuwa dariya ya yi, ya ce shekara arba'in yana Sarkin Ruwa, bai taɓa ganin kogi ya kawo ba tare da an ga hadari ba. In kuwa Baba bai ɗaga ba, ko tabarma ba mai naɗewa a unguwar.

Ban yi masa musu ba, don na san inda na gado taurin kai. Na aika ya zo a duba masa idonsa a asibiti, da aka gama Mukhtar ya nemi izini ya kai mu dam ɗin. Gani ya kori ji. Baba ya daɗe tsaye yana kallo, ya sa aka nuna masa ma'aunin ruwa da ƙofofin, ya tambayi awa nawa ruwa zai yi kafin ya isa mashigarmu. Da muka shiga mota ya ce, "Delu, wannan ruwan ba ya jiran hadari." Ranar Juma'a shi da kansa ya miƙe bayan salla ya sanar. Yanzu gidaje sun fi rabi a kan tudu, an kai awaki da tsofaffi, kuma ya raba jiragen ruwa tsakanin samari. Wallahi na yi alfahari da shi.

Abu ɗaya ya rage, kuma a hannunka yake. Rumbun hatsinka da ke bayan gidanmu, wanda ka liƙe ka bar masa amana. Ya ce ba a buɗe rumbun mutum ba ya nan, ko da ɗan cikinsa ne, kuma ba zai bar amana ga ruwa ya hau tudu ba. Kawu Bello ya yi magana, liman ya yi, Inna ta yi kuka, duk a banza. Ya kwashe kowa na gidan zuwa tudu, shi kuwa ya shimfiɗa buzunsa a gindin rumbun.

Ban tsorata ba, Yaya, don na san ka, kuma rigakafi ya fi magani. Ɗan'azumi direba, wanda ya kawo maka wannan, zai juyo tashar Unguwa Uku nan Kano bayan kwana biyu, ni kuma zan kai amsar gida da kaina. Kada ka aiko da saƙon baki, Baba ba zai karɓa ba. Ka rubuta da ajami, da hannunka da ya sani, cewa ka yarda a buɗe. Daga hatsin ko tiya ɗaya ba ta dame ni ba, wanda ke zaune a gindinsa nake so a ɗauko.

Ka gaida mini Yaya Ladi da Al-Amin da Zainab. Mukhtar yana gaishe ka. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Delu