Ƙasusuwan Umma Suna Kira

Zuwa ga Yaya Taegon,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Kullum na je haikali sai na kunna muku turare. Mu nan Jeju lemo ya nuna, Kawu Pansu ya warke daga tarin nan, an shiga tsinka.

Yaya, raina a ɓace nake rubuto maka. Kai ne ka zaunar da ni bayan an cire wa Umma nono, ka jera kwanukan shinkafa a tebur kana yi mini bayani. Ka ce ƙwayoyin cutar kansa suna da wasu 'yan kunnuwa a jikinsu, ƙashi da hanta kuma suna fitar da wani sinadari mai kama da kira, ƙwayar da ta ji sai ta bi jini ta je can ta yi gida. Ka ce na Umma kunnuwan sun yi yawa, kada a yi wasa da zuwa hoto a asibiti. Aikinka ke nan a Boston, kai da ɓerayenka na gwaji. Amma da ka shiga ɗakinta sai ka ce mata ta warke sarai, wai babban ɗa ba ya ɗaga wa uwa hankali. Ka hau jirgi ka bar ni da ƙaryarka.

Yanzu bayanta yana ciwo tun kafin bikin girbi na Chuseok. Likita ya ce a kawo ta hoto, domin idan abin ya kai ƙashin baya, ɗaukar kwandon lemo ɗaya zai iya karya shi, ta daina tafiya. Ita kuwa kullum tana gona da kwando a baya. Na roƙa, na yi kuka, har takalmanta na ɓoye, ta ari na maƙwabciya ta fita. Jiya a gaban masu tsinka ta ce mini, "Ke mai sayar da kifi, kin fi ɗana ilimi ne? Ko so kike na mutu ki gaji gonar?"

Ni ce nake wanke ta, amma ni ba a jin tawa. Kada ka ƙara aiko mana da saiwar maganin nan ta ginseng. Ɗauki waya ka gaya mata gaskiya da bakinka, domin kiranka kaɗai take amsawa.

Ka gaishe da matarka Hyerim da ɗanka Dogyeom. Umma ma ta ce a gaishe da wanda ya warkar da ita.

Ƙanwarka,
Sukhui