Baba da Baffa Sani sun yi magana

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya maigida da yara? Mu nan Ƙaura lafiya lau.

Jiya Baba da Baffa Sani sun yi magana, bayan shekara biyu suna gaba. Baffa ya zo gaida Inna, ya tarar muna gardama kan fim ɗin mutanen da suka je noma wata duniyar.

Baba ya ce, "Shugabansu ba manomi ba ne. Wa ke dafa irin shuka?"

Baffa ya ce, "Mai 'ya'ya da yunwa, Yaya."

"To hatsin da suka girbe daga baya, da me suka shuka shi?"

Baffa ya yi dariya. Baba ya matsa masa a tabarma.

Ki sa su a addu'a, ki gaida kowa. Baffa ya ce wataƙila ya dawo daga Shinkafi ranar Juma'a a kalli ƙarshen, amma bai tabbatar ba tukuna.

Ƙaninki,
Bashir