Kwandon Ngo da Nake Cikawa a Kasuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu kacal suka rage mini. Abin da zan iya rasawa shi ne aure na shekara goma sha shida, amanar gidaje biyar na maƙwabta, da sunan matata a Kwararafa, unguwar da aka haife ta.

Ni dillalin dankalin turawa ne da kayan gwari a nan Jos. Da dako na fara, yau ni ke loda mota zuwa Kudu, don haka ba mai koya mini farashi. Bara muka ci wani wake da aka adana da maganin ƙwari, duk gidan muka kwanta, 'yar autarmu Hanifa sai da ta kwana uku a asibiti. Daga ranar Maman Hanifa ta rantse ba abin da aka fesa wa magani da zai sake shiga tukunyarta. Ta daina karɓar leda, ta koma kwando, ɓawon dankali da na albasa take tarawa ta yi taki, ta shuka alayyahu a tsofaffin bokitai. Wannan duk bai ci mini ko sisi ba, har yaba mata na yi. Matsalar ita ce cefanen oganik, kamar yadda take kiransa, wato kayan da aka noma ba takin zamani ba feshi.

Na samo wata dattijuwa a wajen Vom, Ngo muke ce mata, da kashin shanu da toka kawai take noma. Duk Juma'a in karɓo kwando ɗaya, kabeji, karas, tumatir, koren wake, dubu goma sha takwas har kuɗin mota. Irin wannan kwandon a kasuwa dubu tara zan haɗa shi. Na jure wata uku. Da kuɗin makaranta ya zo, gas ya ƙara kuɗi, na ce wa Maman Hanifa mu rage, ta ce in ta kai ga haka gara a daina sayen nama, wai ni ban ga yadda aka riƙa neman jijiya a hannun yarinyar ba. Na gani, amma ni ke biya.

A nan na yi abin da ɗan kasuwa kaɗai zai yi tunaninsa. Na lura yadda take gane kayan Ngo: kabejin da tsutsa ta huda, karas ƙanana masu karkacewa, tumatir marar sheƙi. Ita a wurinta wannan ne shaidar ba a yi feshi ba. Mu kuwa a kasuwa wannan shi ne rejet, wanda muke warewa gefe mu sayar da araha. Sai na riƙe kwandon Ngo, duk Juma'a in cika shi da rejet, in bar jar ƙasa a jikin karas ɗin, in kai gida. Takan ɗaga ganyen kabeji ta nuna wa yara ramin tsutsa ta ce, “Kun gani? Abin da tsutsa ta ci ta rayu, mu ma za mu rayu.” Ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai. Wata bakwai ke nan.

Da a gidana abin ya tsaya da na ce tsakanina da iyalina ne. Amma ta yi ta ba matan unguwa labari, har gidaje biyar suka fara kawo mata dubu goma sha biyu-biyu in haɗo musu ƙananan kwanduna, wata biyu ke nan. Na so in ƙi, sai na ga in na ƙi za ta tambayi dalili. Na karɓa, ina haɗa kowane a dubu bakwai. Cikinsu akwai Hajiya Babba, mijinta na fama da ciwon ƙoda, duk ranar da na sauke mata kaya sai ta ce, “Allah ya yi maka albarka ɗan nan, kai ne maganin Malam.” Wallahi wannan addu'ar ta fi zagi zafi.

Yanzu matan sun haɗa kuɗi sun sayi atamfa da sabulu, ranar Asabar za su ɗauki mota in raka su Vom su gode wa Ngo. Na ce hanya ba kyau, Maman Hanifa ta ce hanyar da nake bi duk Juma'a ba za ta gagare su rana ɗaya ba. Jiya na je wajen Ngo da niyyar in ba ta wani abu ta rufa mini asiri. Tana ganina ta ce, “Oga, kai ya gudu. Ni ya yi laifi ne?” Ashe saboda ni ta ƙara kunya shida na kabeji, da na ɓace rabi ya ruɓe a gona. Duk da haka na cire kunya na faɗa mata buƙatata. Ta dube ni ta ce da furfurarta ba za ta yi wa masu ciwo ƙarya ba, in ɗauki kuɗina. Har karas ta ba ni in kai wa yara.

To 'yan uwa, ya zan yi? In faɗa wa matata ita kaɗai, alhali na san halinta, gida-gida za ta bi tana ba da haƙuri a kan laifin da ba nata ba? Ko in riga ta zuwa wajen mazajen in mayar musu da kuɗinsu, ta ji a bakin mutane? Kuma wanda ya san yadda ake ciyar da mutum shida abinci mai tsabta da samun ɗan kasuwa, ya faɗa mini, don tsoronta gaskiya ne, aljihuna ma gaskiya ne.

Na buga lissafi. A gidana na tsira da dubu ɗari biyu da saba'in, ta tafi a makaranta da gas. A kan maƙwabta na ci dubu ɗari biyu, wannan ko gobe zan iya mayarwa in na taɓa jari. Abin da na kasa sa wa farashi shi ne daga ranar Asabar, ko gishiri na miƙa wa matar nan sai ta juya shi ta duba.